Ɗan Sanda, Wudil, Sibil Difens ko Kamfanin Gadi: Wace Ƙofa Ce Ta Dace da Kai?

Da zarar an ce an buɗe shafin ɗaukar jami'an tsaro, shagunan intanet na Wunti da Yelwa a Bauchi, da na Tudun Wada da Jekadafari a Gombe, sai su cika maƙil da samari, kowa rungume da fayil. Yawancinsu duk fom ɗin da ya fito cikewa suke yi, ko wanne ya faɗa shi ke nan. Ban ga laifinsu ba, aiki ya yi wuya. Sai dai kakin ba iri ɗaya ba ne, kuma wasu ƙofofin da shekaru suke rufewa. Wanda ya tsaya jiran wadda ba tasa ba, kafin ya farga tasa ta rufe.

Ina magana ne da mai son aikin kare rayuka da dukiya, musamman ɓangaren gadi da rakiya: tsaron manyan mutane, gine-ginen gwamnati, bankuna, makarantu da masana'antu. Hanyoyi huɗu ne a gaban ɗan Bauchi ko Gombe: shiga ɗan sanda a matsayin kurtu, Makarantar Horas da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil, Sibil Difens, sai kamfanin tsaro mai zaman kansa.

Bari in kawar da wani ruɗani tun yanzu. Babu fom ɗin zama dogarin gwamna. A rundunar 'yan sanda akwai sashen kariya na musamman, SPU, da 'yan kwantar da tarzoma da aka fi sani da mopol, da sashen yaƙi da ta'addanci, da na kwance bam. Duk waɗannan daga cikin gida ake zaɓo mutanensu, bayan mutum ya shiga ya yi aiki an ga kamun ludayinsa, sannan a tura shi ƙarin horo. Masu baƙar kwat da kake gani a bayan shugaban ƙasa da gwamnoni kuwa galibi jami'an DSS ne, hukumar tsaro ta farin kaya da aka kafa a 1986, kuma ta sha fitowa tana gargaɗi a kan sanarwar ɗaukar aiki ta bogi da ake yaɗawa da sunanta. Don haka tambayar da ta kamata ka yi ita ce: wace ƙofa ce za ta kai ni kusa da aikin kariya, kuma zan iya zama a cikinta ko da ba a taɓa tura ni can ba?

Abin da za ka auna

Na farko, shekarunka da takardarka, domin su ne ke yanke rabin hukuncin kafin ra'ayinka ya yi magana. Na biyu, abin da shigar za ta ci maka, kuɗi da lokaci, har da tsawon zaman da gidanku zai iya yi ba tare da albashinka ba. Na uku, ɗorewa: ƙarin girma, fansho, da ko aikin zai riƙe ka har tsufa. Na huɗu, wuyar samun gurbi. Na biyar, haɗari, kuma ba na harsashi kaɗai ba, har da na mutunci da na nisa da iyali.

Kurtun ɗan sanda

Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, PSC, ita ke da ikon ɗaukar kurata, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da hakan a Yulin 2023 bayan shekaru ana jayayya tsakaninta da rundunar. Jayayyar ba ƙaramar illa ta yi wa masu nema ba. Ko a Yunin 2024, da hukumar ta fitar da sunayen mutum 10,000, rundunar ta ƙi amincewa da jerin da farko, yara suka zauna a gida ba su san matsayinsu ba har aka sasanta.

Sharuɗɗan da aka saba sanarwa su ne shekara 18 zuwa 25 ga masu aikin gama-gari, har zuwa 28 ga masu sana'ar hannu irin su direbobi da kanikawa, waɗanda ake nema da takardar gwajin sana'a. Ga masu aikin gama-gari, kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, da Turanci da Lissafi a ciki, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, mace mita 1.64, faɗin ƙirjin namiji santimita 86 idan ya ja numfashi. Lambar NIN dole ce. Mace mai juna biyu ba a ɗaukarta. 'Yan'uwa mata da maganar sutura ke hana iyayensu yarda, ku sani cewa tun Maris na 2022, zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, aka amince 'yar sanda ta sa ɗankwali a ƙarƙashin hularta.

Fom kyauta ne. Kuɗin da za ka kashe na shagon intanet ne, da hoto, da kwafin takardu, da kuɗin mota. Wanda ke Gamawa ko Zaki ko Itas zai sha hanya kafin ya iso Bauchi ranar tantancewa, haka ɗan Nafada ko Shongom kafin ya iso Gombe, kuma wani lokacin sai an kwana. A yi tanadin wannan tun da wuri.

Ranar tantancewa ta cancanci a faɗi yadda take. Ana umartar kowa ya zo da farar riga mai gajeren hannu da farin gajeren wando, riƙe da fayil biyu, ɗaya na takardun asali ɗaya na kwafi, da hotuna. Ana kiran ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Za ka cire takalmi ka jingina da sandar awo, jami'i ya ɗora katako a tsakiyar kanka. Wasu na ɗaga dunduniya a hankali, kuma jami'an sun fi kowa sanin wannan dabarar, ƙafarka suke kallo kafin su kalli lamba. Za a ce ka haɗe ƙafafu a duba gwame ko cassa, a duba tafin ƙafa ko shimfiɗaɗɗe ne, ka buɗe yatsu, ka buɗe baki, ka faɗi sunanka da ƙarfi a ji ko akwai in'ina. Daga nan sai teburin takardu, inda ake ɗora sakamakon jarrabawarka kusa da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma ana bin harafi da harafi. Waɗanda suka tsallake su ake kira jarrabawar kwamfuta, wadda JAMB ta gudanar a zagayen baya, sannan gwajin lafiya a asibitin 'yan sanda. Mai shan ƙwaya ko wiwi kada ya ɗauka zai ɓoye. Wanda kuma ya taɓa shiga harkar sara-suka ko kalare har kotu ta yanke masa hukunci, wannan ƙofar ta riga ta rufe masa.

Horon kusan wata shida ne, a kwalejojin 'yan sanda irin na Kaduna da Maiduguri, ko makarantun horo irin wadda ke nan Bauchi. Ke nan cikin ƙasa da shekara ɗaya daga kiran suna, mutum na iya fara karɓar albashi. Wannan shi ne babban ƙarfin hanyar.

Rauninta shi ne tsani. Daga kurtu sai kofur, sai saje, sai sufeto, kowane mataki da shekarunsa, kuma ƙarin girma kan yi jinkiri. Mai digirin da ya shiga da takardar sakandare ya sani da takardar sakandare aka ɗauke shi, kada ya sa rai za a ɗaga shi washegari don ya fito da digiri daga jaka. A 2016 an ɗauki masu digiri da difloma kai tsaye a matsayin hafsoshi masu neman sanin makamar aiki, amma tun daga nan galibin ɗaukar da ake yi ta kurata ce. Ana ritaya bayan shekara 35 a bakin aiki ko cika shekara 60, duk wanda ya riga zuwa. Fanshon na tsarin adashi ne da aka kawo a 2004, wanda a dokar 2014 ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10. Sojoji da DSS ba sa cikin tsarin, 'yan sanda suna ciki, kuma a 2025 tsofaffin 'yan sanda sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su saboda abin da suke karɓa bai isa ba. Duk mai shiga ya kamata ya san wannan tun yana ɗan shekara ashirin, ba sai ya kai hamsin da biyar ba.

Gurbi kuwa da ƙananan hukumomi ake rabawa. Ƙasar na da 774, Bauchi na da 20, Gombe 11. Idan ka raba 10,000 a kansu, kowace ba ta cika mutum 13 ba. A ƙarshen 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a ɗauki 50,000, wanda a lissafi ɗaya ya kai kimanin 64 ga kowace ƙaramar hukuma. Abokan takararka 'yan ƙaramar hukumarku ne, ba duk Najeriya ba. Shi ya sa ɗan Bauchi ko Katagum ko Akko, inda masu takarda suka yi yawa, ya fi shan gasa a kan ɗan ƙaramar hukumar da masu kiredit biyar ba su da yawa.

Haɗari a nan ya fi na sauran. Kurtu ne ke shingen hanya da dare, shi ne a ƙofar caji ofis. Mutanen Bauchi ba su manta 26 ga Yulin 2009 ba, ranar da aka kai hari caji ofis na Dutsen Tanshi, farkon rikicin Boko Haram da ya bazu zuwa Maiduguri. Yau kuma dazukan Alkaleri da ke iyaka da Filato da Taraba da Gombe na fama da 'yan bindiga. Shugabannin rundunar sun sha cewa sababbin kurata yankunansu za a mayar da su, amma aikin na tarayya ne, takarda ɗaya ta isa ta kai ka Zamfara ko Imo. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: jarabar karɓar na-goro a kan titi. Yaron da ya fito daga gidan tarbiyya zai tsinci kansa a tawagar da ta mayar da karɓa al'ada, kuma ƙin karɓar na buƙatar ƙarfin zuciya fiye da fareti.

Wudil

Idan ka bi hanyar Ningi da Birnin Kudu za ka Kano, za ka wuce ta garin Wudil. Makarantar an kafa ta a 1988, kuma daga 2012 ta zama mai ba da digiri. Shekara biyar ake yi, karatu da horo a haɗe, a fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritanda. Abin da kurtu zai iya shafe shekara ashirin ko fiye bai kai ba, nan ɗan Wudil yake farawa. Daga cikinsu ake samun DPO da kwamandojin runduna, kuma idan hafsa ya samu shiga sashen kariya, tsara aikin yake yi da jagorantar tawaga, ba tsayuwa a bakin ƙofa ba.

Ƙofar ƙunci ce ƙwarai. Shekara 17 zuwa 22, mara aure. Sai ka zaɓi makarantar a JAMB a matsayin zaɓin farko, ka ci makin da aka yanke, ka sayi fom ɗinta, ka rubuta jarrabawarta, sannan tantancewar jiki da lafiya da ganawa da kwamiti. Kiredit shida aka saba nema, da Turanci da Lissafi. Ana karanta shari'a, kimiyyar kwamfuta, kimiyyar binciken laifi, akanta, halayyar ɗan Adam, kimiyyar siyasa da sauransu. Kowace jiha na da kasonta, kuma kason kaɗan ne, na duk jihar ba na ƙaramar hukuma ba.

Gwamnati ke ɗauke da karatu da kwana da abinci, amma akwai jerin kayan da iyaye ke saya, da kuɗin zirga-zirga. Babban farashin shi ne lokaci: shekara biyar gida ba ya ganin albashi. Gidan da ke jiran ɗansu ya fara kawo cefane ya yi wannan lissafin da gaske. Akwai kuma asarar da ake mantawa da ita. Wanda ya sa Wudil a zaɓin farko bai samu ba, sai ya yi saurin canza makaranta a JAMB zuwa ATBU ko Gadau ko Kashere ko Jami'ar Jihar Gombe, in ba haka ba shekarar ta tafi a banza. Ana kuma korar ɗalibi a kan rashin ɗa'a ko faɗuwa jarrabawa ko da ya yi nisa.

A ganina, duk yaron da ke aji shida na sakandare, yake da kai, yake kuma son kaki da gaske, kuskure ne ya fara da fom ɗin kurtu. Ya fara gwada Wudil. Idan bai samu ba har ya kai 22, yana da sauran shekara uku na neman kurtu. Wanda ya juya tsarin ba shi da irin wannan damar.

Sibil Difens

Asalinta kwamitin kare farar hula ne na Legas a 1967 lokacin yaƙin basasa. Dokar 2003 ta mayar da ita cikakkiyar hukumar gwamnati, gyaran 2007 kuma ya ba ta damar riƙe makami. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma hukumar CDCFIB ce ke ɗaukar mata ma'aikata, tare da na shige da fice, gidajen gyaran hali da kashe gobara.

Ga mai son aikin kariya zalla, wannan ce ta fi kusa da burinsa, domin ainihin aikinta ke nan: gadin bututun mai, turakun lantarki, layin dogo, madatsun ruwa da gine-ginen gwamnati. Tana da dakarun kare gonaki, da rundunar mata, da cibiyar kula da tsaron makarantu, kuma a 2024 aka ƙaddamar da dakarun kare ma'adinai daga cikin jami'anta. A yankinmu ba a rasa abin gadi ba: madatsar Dadin Kowa, rijiyoyin man Kolmani da ke tsakanin Alkaleri da Akko waɗanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, da wuraren haƙar ma'adinai na Toro. A Nuwamban 2025 kuma shugaban ƙasa ya umarci a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, ya ce mai buƙatar kariya ya nemi jami'an Sibil Difens. Wannan ya ƙara wa hukumar nauyi a fagen rakiya. Amma kada ka gina rayuwarka a kan umarni guda. Sufetoci Janar da dama sun taɓa sanar da irin wannan janyewar a baya, daga bisani abubuwa suka koma yadda suke.

Abin da ya bambanta ta da ɗan sanda shi ne takardarka na da daraja tun ranar farko. Mai digiri ko babbar difloma, da takardar bautar ƙasa, yana shiga ajin manyan jami'ai a mataki na 8. Mai NCE ko ƙaramar difloma yana shiga ajin sufetoci. Mai sakandare yana shiga ajin mataimaka. A sanarwar 2025 an ba da shekara 18 zuwa 35, tsawon namiji mita 1.65, mace mita 1.60. Wanda santimita biyu suka kayar a sandar awon 'yan sanda, ko wanda ya haura 25, nan yana da sauran dama. An kuma ce hukuma ɗaya tak za ka zaɓa cikin huɗun, wanda ya cike biyu an soke shi.

Fom kyauta ne, a shafin hukumar kaɗai. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna 15 ga Maris na 2014, ranar da aka tara dubban masu neman aikin shige da fice a filayen wasa bayan an karɓi naira dubu a hannun kowa, turmutsitsi ya kashe mutum fiye da goma sha biyar. Yau ta intanet ake cikewa, a yi jarrabawar kwamfuta, sannan a kira waɗanda suka ci.

Matsalarta wuyar samu. Sauƙin sharuɗɗa na nufin kowa ya cancanta. A 2025 guraben hukumomin huɗu gaba ɗaya kusan 30,000 ne, masu nema kuwa sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Ba kuma duk shekara ake buɗewa ba, kuma daga cike fom zuwa takardar kama aiki na iya haura shekara. Albashi da fansho na gwamnatin tarayya ne, ritaya ma shekara 35 ko 60. Haɗarin bai kai na ɗan sanda yawa ba a aikin yau da kullum, amma wanda aka tura dakarun gonaki ko na ma'adinai daji zai shiga, kuma an rasa jami'ai a irin waɗannan ayyuka.

Kamfanin tsaro

Shiga da sauƙi, wani lokaci cikin mako biyu: takardar sakandare, mai tsaya maka, ɗan gajeren horo, sai yunifom. Dokar 1986 ce ke tafiyar da kamfanonin, Sibil Difens ke sa musu ido, kuma doka ta hana su riƙe bindiga. Aikinka buɗe ƙofa, duba mota, rubuta sunan baƙo, da kiran 'yan sanda idan abu ya ɓaci. Galibi awa goma sha biyu ake yi.

Ɗorewa ce babu. Banki ko asibiti kamfani yake biya, kamfani ya cire nasa ya ba ka saura, kuma ranar da kwangila ta ƙare aikinka na iya ƙarewa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Kafin ka karɓa, tambayi lasisin kamfanin, ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce, kuma kada ka ba kowa takardunka na asali ya ajiye. Hukumomin jiha masu kula da tituna irin su BAROTA a Bauchi da GOSTEC a Gombe sun fi kamfani tsari, amma su ma ba aikin ɗan sanda ba ne, kuma ba gada ba ce zuwa gare shi.

| | Kurtun ɗan sanda | Wudil | Sibil Difens | Kamfanin tsaro |
|---|---|---|---|---|
| Shekaru | 18 zuwa 25, masu sana'a 28 | 17 zuwa 22 | 18 zuwa 35 | ya danganta da kamfani |
| Takarda | kiredit 5 | kiredit 6 da JAMB | sakandare har digiri | sakandare |
| Kuɗin fom | kyauta | JAMB da fom ɗin makaranta | kyauta | ya danganta |
| Jira kafin albashi | tantancewa da horon wata 6 | shekara 5 | na iya haura shekara | makonni |
| Matakin farawa | kurtu | ASP | gwargwadon takarda | maigadi |
| Ɗorewa | har ritaya, tsani mai tsawo | har ritaya, tsani mai sauri | har ritaya | gwargwadon kwangila |
| Wuyar samu | matsakaiciya | mai tsanani | mai tsanani | kaɗan |
| Haɗari | babba | babba, da nauyin jagoranci | matsakaici | ba makami |

Alƙaluman na sanarwar baya ne. Kowane zagaye ka karanta sabuwar sanarwa da idonka, kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa maka.

Abin da ke kayar da mutane kafin awo

Kowa na cewa sai kana da uwa a gindin murhu. Ba zan ce babu alfarma a ƙasar nan ba. Amma yawancin waɗanda ake sallama daga filin tantancewa takardunsu ne suka kayar da su, kuma wannan ciwo ne da ya fi kama mu 'yan Arewa. A firamare an rubuta Muhammadu Sani, a NECO Mohammed Sani Darazo, a NIN Sani Muhammad. Shekarar haihuwa a takardar asibiti daban, wadda aka faɗa wa mai rajistar NIN daban, don lokacin ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ba ne. Gyaran suna ko ranar haihuwa a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, na ɗaukar lokaci da kuɗi, shafin ɗaukar aiki kuwa makonni kaɗan yake yi a buɗe. A gyara tun babu sanarwa. Rage shekaru da takardar rantsuwa ta kotu kuma ya daina aiki yadda ake zato, domin shekarar da ka gama firamare da sakandare na nan a rubuce.

Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ta kamata ta fito daga sakatariyarku da sa hannun da ya dace, da fom ɗin mai tsaya maka, wanda basarake ko babban ma'aikacin gwamnati ko babban jami'in tsaro ke cikewa. Ka je wurin hakimi ko shugaban makarantarku da kanka tun da wuri, cikin ladabi, ba ranar jajibiri ba. Lambar waya da imel ɗin da ka sa a fom su zama naka, ba na mai shago ba, don ta nan saƙon gayyata ke zuwa. Idan Turancinka da Lissafinka ba su cika ba, ka zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara kafin komai. Ka kuma saba da linzamin kwamfuta, domin akwai masu ilimin da ke faɗuwa don hannunsu na rawa a kansa.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sa sunanka, a Facebook ne ko WhatsApp ko a majalisa, ɗan damfara ne, ko da ya nuna maka hotonsa da kaki. Iyaye na sayar da tumaki da buhunan masara a kan wannan, kuma abin na ci mini rai, domin galibi gidajen da ba su da shi ake cuta. Wanda ma ya shiga da takardar bogi, ana iya gano shi a makarantar horo a kore shi.

Wa ya dace da wace

Idan shekarunka ba su wuce 22 ba, sakamakonka mai kyau ne, kuma gida zai iya jira, Wudil ce ta farko, kurtu ta biyu. Idan kana tsakanin 22 da 25 da kiredit biyar, jikinka ya cika awo, kuma ana buƙatar albashinka nan kusa, ka nemi kurtu, ka shiga da niyyar ci gaba da karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ko wata makarantar da aiki zai bari, bayan ka nemi izinin hukuma. Mai burin mopol ko sashen kariya na musamman ma nan zai bi, ya tsare fayil ɗinsa daga tabo a shekarun farko. Direba ko kanike ko mai aikin lantarki da ke da takardar gwajin sana'a, ya duba gurbin masu sana'a kafin ya cika 28.

Mai digiri ko difloma ko NCE, Sibil Difens ce ba za ta zubar masa da shekarun karatunsa ba. Haka wanda ya haura 25, da wanda tsawonsa ya tsaya tsakanin 1.65 da 1.67, da 'yar'uwar da ta kai 1.60 amma ba ta kai 1.64 ba. Wanda kuma gadin wuri da rakiya ne ainihin abin da yake so, ba binciken laifi da kai mutane kotu ba, nan ya fi masa. Sai dai ya riƙe sana'arsa yana jira, domin jiran na da tsawo.

Kamfanin tsaro na wanda ke buƙatar abin sawa a baki a wannan watan ne, ko wanda ya wuce 35, ko wanda gwame ko matsalar ido ta hana shi sauran ukun. Matashin da shekarunsa ba su ƙure ba zai iya riƙe shi na wucin gadi, ya nemi aikin dare ko na kwana-kwana don ya samu sararin gyara takardu da zuwa tantancewa, kuma ya faɗa wa mai kula da su tun ranar farko cewa idan an kira shi zai nemi izinin kwana biyu.